Baƙin Tsumma a Reshen Aduwa

Ila ya rasu gero na tsaye a gona, ya fitar da kai amma bai kai ga bushewa ba. Bai yi doguwar jinya ba. Kwana shida ya yi da zazzaɓi, ran na bakwai bayan la'asar ya ce a gyara masa matashi, aka gyara, shi ke nan. Maƙwabta suka yi gayya suka yanke geron, suka ɗaure dammuna suka cika rumbu, kowa ya koma kan hidimarsa. Aka bar matarsa Raliya a gida da takaba, ita da ƙanwarta Rukayya da ta zo daga Falanko ta taya ta zama.

Takaba a Garin Jika ba ta da sassauci. Wata huɗu da kwana goma ba kwalli, ba lalle, ba kasuwa, ba gidan suna, kuma a al'adar garin mai takaba ba ta haɗa baki da namijin da ba muharraminta ba, ko gaisuwa ce sai wata ta amsa mata. Raliya ba ta ga wahalar wannan ba, don da ma ita ba mai surutu ba ce. Abin da ya dame ta shi ne ranakun sun daina bambanta. Bayan azahar takan kishingiɗa ƙarƙashin rumfa, barci ya ɗauke ta sama-sama, ta farka ba ta san a wace shekara take ba. Wani lokaci takan ji tarin Ila a bayan rumbu, har ta yunƙura za ta kai masa ruwa, sannan ta tuna, ta koma ta kwanta.

Gidansu ne na ƙarshe ta arewacin gari. Daga bayan danga gona ta miƙe ta hau tudu, a can ƙarshenta kuma, inda burtalin dabbobi ya ratsa, akwai aduwa guda ɗaya tilo. Ba wata bishiyar kirki ba ce, ƙayarta ta fi ganyenta yawa, inuwarta da ƙyar take isar mutum biyu. Amma mutum biyun nan ta isa shekara arba'in da ɗoriya, Ila da wani Buzu mai raƙuma da ake kira Almustafa.

Duk bayan girbi Almustafa yakan sauko daga arewa da raƙumansa ya sauka a gonar Ila. Raƙuma su ci kara su bar taki. Shi ya kawo kantun gishiri da dabino da cuku, ya tafi da dammunan gero, ba a taɓa jin wani ya auna ko ya ƙirga ba. Almustafa yana jin Hausa sarai, rowarta kawai yake yi, Ila kuwa da ma maganarsa ta yini ba ta cika tafin hannu. Sai su zauna gindin aduwa da butar shayi a kan gawayi tun hantsi har rana ta karkata, in ka tara abin da suka faɗa bai wuce na gaisuwa ba. Mutanen gari sun sha yi musu ba'a, wai ga kurame biyu can suna shawara. Raliya ma takan yi dariya, amma ta san in Ila ya dawo daga wannan zaman fuskarsa takan yi sati tana walwala.

Maganarsu ta ainihi a jikin aduwar take. Idan aka gama kwashe amfanin gona, Ila yakan zaɓi zangarniya uku masu kyau ya ɗaure su da kaba a reshen da ya miƙa wajen burtali. Ma'anarsa gona ta saku, bismilla. In babu zangarniya a reshen, ko kara ya kai tsayin mutum, ko raƙuma na kukan yunwa, ƙafa ɗaya ba ta taka gonar. Ba a rubuta wannan ko'ina ba, ba a yi shi gaban mai gari ba. Ila ya gan shi wajen mahaifinsa, Almustafa ya gan shi wajen nasa, haka kawai.

Ranar sadakar arba'in, da jama'a suka watse, autanta Safiyanu ya zauna kusa da ita. Yana aiki a meri, ofishin ƙaramar hukuma, can Tanut, mutum ne mai kirki, sai dai irin masu kirkin nan ne da suka ɗauka duk abin da ba ya shiga salula ba magana ba ne. Ya ce zamani ya juya, kara yanzu abin sayarwa ne, duk maƙwabta sun tattare nasu sun jibge bisa rumfa, kuma ya riga ya yi magana da wani mai amalanke a Belbeji da zai zo ya kwashe na gonar. Raliya ta ce karan yana da mai shi. Ya tambaya ko akwai mai lambar tsohon a kira shi a ji. Babu. Shekara arba'in ba wanda ya taɓa buƙatarta.

"Inna, ki yi haƙuri," in ji Safiyanu a hankali. "Abotar nan ta Baba ce. Baba kuwa ya tafi."

Ba ta yi gardama ba, ta dai roƙe shi ya bari watan da ake ciki ya mutu. Ya ce to. In wata ya mutu raƙuma ba su sauka ba, mai amalanke zai zo, kuma ita da shi duk sun san in aka kwashe karan sau ɗaya an kwashe ke nan har abada.

Da ya tafi sai ta shiga tunani. Ɗaure zangarniya ba wuya, rumbu cike yake. Amma ta ga bai kyautu a tari mutum da zancen abincin dabba ba alhali bai san amininsa na ƙasa ba. Ya zo da murnarsa, ya saki raƙuma, ya hura gawayi, ya zuba finjali biyu yana duban hanya? Wannan ba zai yiwu ba. Dole ya fara sanin mutuwar, kuma daga gidan nan ya kamata ya sani, ba a bakin rijiya ba. Ita kuma ba ta da bakin faɗa masa.

Sai ta tuna da baƙin tsumma. Shekara talatin da suka wuce ɗiyarsu Zalika ta rasu tana da shekara huɗu, daidai irin wannan lokaci. Raliya ta yi kwanaki a kwance ba ta san abin da duniya ke ciki ba. Ranar da ta fara fitowa ta dafa danga, ta hango Ila can a gindin aduwa yana ɗaura wani baƙin tsumma a reshe. Ila bai yi kukan Zalika a gabanta ba, bai sake ambaton sunan yarinyar ba har ya koma ga Allah, kuma da ba don wannan tsumman ba da ta ce zuciyarsa dutse ce. Ta ga ya gama ɗaurawa ya tsaya ya daɗe kansa a sunkuye. Bayan ƴan kwanaki ta leƙa zaure ta ga Almustafa zaune kusa da shi, sun yi shiru su biyu. Tun ranar ta riƙe a ranta cewa baƙin tsumma a aduwa shi ne an yi rashi a gidan nan, ka zo. Ba ta taɓa tambayar Ila ba. Abu ne da ta adana wa kanta, takan ɗauko shi ta duba duk ranar da ya ɓata mata rai.

Washegari da hantsi, lokacin da maza suka tafi rijiya, ta keto haɓar wani tsohon zanenta na rini. Ta lulluɓa ta bi ta tsakiyar kara, Rukayya na biye da ita tana mita, wai mai takaba da hawan tudu, Allah ya sa kada a gan su a yi da su. Raliya ta yi ɗage ta ɗaura tsumman, ƙaya ta karce ta a hannu ba ta ko kula ba. Iska ta ɗan kaɗa shi. Ta ji wani sanyi a ranta, kamar ta aika saƙo kuma ta ga ɗan aiken ya kama hanya.

Kwana biyar tana zaman jira. Ran na shida, rana tsaka, ta farka daga ɗan barcinta ba tare da ta san abin da ya tashe ta ba. Ta je ta dafa danga. Can arewa, inda ƙasa ke haɗuwa da sama, kawalwalniya ta shimfiɗu fari fat tana rawa, sai ga raƙuma suna fitowa daga cikinta ɗaya bayan ɗaya. Da farko wuyansu kaɗai ake gani, dogaye, suna lilo a sarari. Sannan tozo ya bayyana, sannan ƙafafu, amma ƙafafun ba su taɓa ƙasa, tafiya suke a kan hasken nan ba ƙara ba gaggawa. Raliya ta kasa tantance ko idonta biyu. Ta ga kamar a bara take, kamar a shekarar aurenta take, kamar in ta waiwaya za ta ga Ila yana neman takalmansa yana cewa a ɗauko masa buta. A gaba akwai farin amale, babban raƙumin garken, a bisansa mutum mai shuɗin rawani, zaune cak yadda ta san zamansa.

Ya iso daidai aduwa ya ja akala. Duk layin ya tsaya. Ya daɗe yana duban reshen, ita kuma tana jira ta ga amalen ya durƙusa. Bai durƙusa ba. Almustafa ya ɗaga hannu ya yi wa ƴaƴansa biyu da ke baya alama, suka karkatar da raƙuman daga burtali, suka yi nesa da gonar, suka kewaye garin ta yamma kamar masu gudun wari. Ko duban gidan bai yi ba. Ta bi su da ido har suka gangara wajen kwarin Tarka, hasken ya sake haɗiye ƙafafunsu, sannan jikinsu, sannan ba komai.

Ranar Raliya ta yi kukan da ba ta yi ba ranar da aka fita da gawa. Ta ji kunya, ta ji haushi, ta ji an raina ta. Ashe Safiyanu ya fi ta sanin duniya. Mutum ya karanta cewa amininsa ya rasu, ya ga saura mace a gidan, ya juya akalarsa ya wuce, ko ta'aziyya babu. Shekara arba'in tana daka masa fura, tana zaɓar masa geron da ya fi ƙwari, ashe duk wannan ba a lissafa ta a ciki ba. Rukayya ta ce da ma Buzu sai iska, inda ta kaɗa nan yake bi, ta bar shi da halinsa. Raliya ta tashi. Ta koma rumfarta, barcin ranar nata ya ƙara tsawo, ta daina zuwa bakin danga.

Ana saura kwana takwas wata ya mutu sai ga Asma'u, Bafillatanar da ke kawo musu nono tun suna da ƙuruciya ita da Raliya. Ta fi mako ba ta leƙo ba. Ta zo a ƙasa, ba jakin da takan hau, ta tsaya daga bakin ƙofa tana leƙen turken awaki kafin ta shigo. Bayan gaisuwa ta sauke ƙwarya ta rage murya.

"Ƙawa, wace dabba ce ta faɗi a gidan nan? Na ga awakinki lafiya lau suna tuƙa."

Raliya ta ce ba dabbar da ta faɗi, mi ya kawo wannan zance? Asma'u ta ce to tsumman fa? Rugarsu kaf ta tashi ta koma gabas saboda shi, mijinta ya hana ta ko biyowa da jaki, ita ma yau satar hanya ta yi don ta ji wane irin ciwo ne. Raliya ta ce tsumman na rasuwar maigida ne, ita ta ɗaura. Asma'u ta dube ta, ta dubi Rukayya, ta kama haɓa.

"Allah sarki. Ke shekara nawa kina zaune bakin burtali ba ki san wannan ba? Baƙin tsumma ciwon dabba ne. Yana cewa akwai annoba a ƙasar nan, ka nesanta da garkenka. Ba mai kiwon da bai san shi ba, daga nan har Abzin."

Raliya ta ce ba haka ba ne, da idonta ta ga maigida ya ɗaura shi shekarar da yarinyarsu ta rasu. Asma'u ta yi ɗan lissafi da yatsu, ta ce ai ita ce shekarar da ciwon huhu ya shiga dabbobi, mahaifinta kaɗai ya yi asarar rabin garkensa, bijimin Ila ma a shekarar ya mutu, ko ta manta? Duk bishiyar da ke bakin burtali a shekarar sai da ta sha baƙin tsumma.

Ta manta. Bijimin, annobar, duk ba su shiga kanta ba a lokacin, Zalika ta rufe mata komai. Abu biyu suka zo mata lokaci ɗaya, ba ta san wanda za ta fara ɗauka ba. Na farko, Almustafa bai guje ta ba, ita ta kore shi da hannunta, kuma har yanzu yana can yana zaton Ila na raye yana fama da ciwon dabbobi. Na biyu ya fi zafi. Abin nan da ta adana shekara talatin, kukan Ila guda ɗaya da ta taɓa gani, ashe na bijimi ne. Ta so ta ji haushinsa, sai ta rasa inda za ta kai haushin. Ta kuma tuna yadda ya daɗe a tsaye kansa a sunkuye bayan ya gama ɗaurin, kuma ɗaurin tsumma ba ya ɗaukar wannan lokacin. Wannan dai ba wanda zai faɗa mata yanzu.

Can ta tambayi Asma'u yadda ake faɗin mutuwa a jikin bishiya. Asma'u ta ce ba a faɗi. Ruwa yana da alama, ciwo yana da alama, gonar da ba a gama girbe ba tana da alama, amma mutuwa da baki ake kai ta. Sai dai ta kwantar mata da hankali da abu ɗaya. Ta ce mai dabba in ya ga tsumma a gonar da ya saba ba ya yin nisa, yakan ajiye garke a rijiyar da ke gaba, bayan ƴan kwanaki ya tako da ƙafa shi kaɗai ya duba ko an cire. Raliya ta gane ke nan abin da ya kawo Almustafa zaure a waccan shekara.

Tun kafin Asma'u ta kai bakin gari an cire tsumman. Amma reshen da ba komai shi ma magana ne, yana cewa ba a gama aiki ba, ka dakata. Raliya ta yini tana zagaya tsakar gida tana duban kayan Ila. Ga hauyarsa mai doguwar ƙota jingine da rumbu, ga carbinsa, ga takalman da ya sha wa faci. A ƙarshe idonta ya tsaya kan malafarsa da ke rataye a zaure, wadda gumi ya rina bakinta, wadda ba wanda ya taɓa ganin Ila a gona ba tare da ita ba. Ba a taɓa rataya malafa a aduwa ba, ba ta cikin abin da iyaye suka bari. Rukayya ta ce kada a sake yin irin ta farko, a je a ce wa makiyaya wani abin da ba a nufa ba. Raliya ta ce wannan ba ta makiyaya ba ce, mutum ɗaya take yi wa. Ta kai ta rataya ta dawo.

Kwana uku bayan haka, da sanyin safiya, Almustafa ya zo. A ƙasa, da sanda, shi kaɗai. Daga bakin danga ta ga ya tsufa fiye da yadda raƙumi ke nunawa, yana takawa yana hutawa. Ya iso gindin aduwa ya ɗaga kai. Ya tsaya. Ya dubi gonar daga wannan ƙarshe zuwa wancan, ya dubi gidan, ya sake duban malafar. Sai ta ga sandar ta suɓuce daga hannunsa. Ya ja amawalin rawaninsa sama har ya rufe idanunsa, ya zauna dirshan a ƙasa ya juya fuska gabas, ya ɗaga tafukansa. Ya daɗe a haka, inuwar aduwa ta matsa daga kansa bai motsa ba.

Da ya tashi ya sauke malafar, ya riƙe ta da hannu biyu ya shiga gari. Dattawa suka tare shi a ƙofar masallaci suka faɗa masa da baki abin da ya riga ya sani, suka raka shi maƙabarta. Daga can ya zo ƙofar gida ya yi sallama, ya yi ta'aziyya ta bayan danga, Rukayya na amsawa, Raliya na zaune a ƙasa tana jin muryar da ba ta taɓa ji ta yi magana mai tsawon haka ba. Ya miƙa malafar ta saman danga ya tafi. Washegari raƙuman suka dawo.

Sai dai ba su shiga gona ba. Ƴaƴansa suka yi musu dabaibayi a fakon da ke bayan burtali, inda ba komai sai tsakuwa da ƴar busasshiyar ciyawa, shi kuma ya shimfiɗa buzu a gindin aduwa ya hura gawayi. Yini guda ya wuce. Raƙuma na miƙa wuya wajen kara suna gurnani. Dattawan gari suka je suka ce masa ya saki dabbobin nan mana, ai gonar amininsa ce, wa zai hana shi? Ya zuba musu shayi, ya dubi reshen da ke wayam. Labari ya kai Tanut. Safiyanu, da kunya ta kama shi, ya bugo salular wani mai shago a garin ya ce a kai wa tsohon, aka hau tudu ana neman rezo, inda waya za ta kama, aka kara masa a kunne. Safiyanu ya ce ya yafe, bana dai a ci karan albarkacin Baba. Almustafa ya saurara har ƙarshe cikin ladabi, ya ce madalla, Allah ya yi albarka, ya miƙa wa mai shago abinsa. Raƙuma suka ci gaba da zama cikin dabaibayi.

Rukayya ta ce wannan tsoho da taurin kai yake, dattawan gari sun ce, ɗan marigayi ya ce, wa kuma yake jira ya ce? Raliya tana tankaɗe a lokacin. Ta tsaya da rariya a hannu. Ta ajiye ta, ta wanke hannu, ta ce a ɗauko mata tsani.

Da kanta ta shiga rumbu. Ta kwance dami ta zauna tana zaɓe, ta ɗauki wannan ta ajiye, ta ɗauki waccan ta murza, har ta fitar da zangarniya uku dogaye masu cikar ido. Ta jiƙa kaba a ruwa ta yi laushi. Da la'asar ta yi sanyi ta lulluɓa ta kama hanya ta tsakiyar kara, wannan karon ta ce Rukayya ta tsaya a gida.

Da Almustafa ya ji takunta sai ya gyara amawali ya juya baya, ya fuskanci arewa, kamar akwai wani abin kallo a can. Taku biyar ne tsakaninsu. Ba ta yi sallama ba, bai yi tari ba. Ta yi ɗage ta kamo reshen. Sai a nan ta tuna ba ta taɓa ganin ɗaurin Ila a kusa ba, kullum daga danga take hangensa. Ta gwada wani ya warware, ta gwada wani zangarniyar ta zame. A ƙarshe ta yi wanda ta iya, irin ƙullin da mata ke yi a haɓar zane in sun sa goro, zagaye biyu a cusa baki ta ƙasa. Ya kama. Ta saki reshen ya koma sama da kayansa, ta juya ta kama gangara.

Sai da ta yi nisa ta waiwaya. Ya tashi ya je gindin reshen, amma bai kira ƴaƴansa ba. Ya jawo reshen ƙasa ya kama ƙullin da yatsu, yana shafa shi, yana juya shi, ya kawo shi dab da idonsa. Ta ce a ranta shi ke nan, ta sake faɗin abin da ba shi ba. Ta ga ya sunkuya ya tsinci guntun kabar da ta yar a ƙasa. Ya zagaya shi a yatsa, ya duba nata, ya warware. Ya sake, ya duba, ya warware. A karo na huɗu ya ɗaga nasa kusa da nata ya daɗe yana gwadawa, sannan ya buɗe jakar fatar da ke rataye a ƙirjinsa ya sa shi ciki.

Bai dube ta ba. Aduwar ya duba, ya yi magana da ita yadda iska za ta ɗauko.

"Na ga hannun mai gona. Baɗi in Allah ya kai mu, ba zan rikita shi da na wani ba."

Raliya ta ja mayafi ta rufe bakinta, hawaye na bin yatsunta, ta kasa gaba ta kasa baya. Shi kuma ya ɗaga hannu, ƴaƴansa suka durƙusa suka fara kwance dabaibayi.